Jinyar ɗan uwa a asibitin ƙwaƙwalwa, daga ranar ba da gado har bayan sallama

Duk wanda nasa ke kwance a asibitin ƙwaƙwalwa ya riƙe wannan, shirin sallama tun ranar da aka ba da gado ake fara shi. Mu dai mun iya kai mara lafiya, sai mu haɗu mu shida mu danna shi a mota daga Tudun Wada ko Sabon Gari har Shika, amma ranar da aka ce an sallame shi sai kaga yaro ɗaya aka tura ya ɗauko shi, shima ɗin bai san sunan maganin ba bai san ranar dawowa ganin likita ba, bayan wata biyu ciwon ya motsa sai a fara cewa ai dama wannan ba na asibiti bane. Wallahi abin nan yana min ciwo, don yawancin masu komawa gado karo na biyu da na uku a gida aka yi sakacin.

Mu nan Zariya asibitin koyarwa na ABU da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, sannan ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna wanda shi aikinsa kenan kacokan, tafiyar kilomita wajen 80 ce daga nan. Masu dangi a Kano wasu Dawanau suke kai nasu. Ko ina ka kai, wanda zai shiga wajen likita ya zama wanda yake kwana yake tashi da mara lafiyan, ba babban gida da labari kawai ya ji ba. Likita zai tambayi yaushe abin ya fara, yana barci ko baya yi, yana cin abinci, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana binsa ko ana sa masa abu a abinci, ya taɓa faɗuwa ko buguwa a kai, akwai mai irin wannan a dangi, in mace ce yaushe ta haihu. A kwaso duk maganin da ya sha a zuba a leda a tafi da shi, har da na gargajiya.

Dan Allah kar a ɓoye shaye-shaye. Na san da kunya uba ya buɗe baki ya ce ɗansa na shan wiwi ko tiramol ko kodin ko roci, amma likita ba ɗan sanda bane, kuma akwai dalili, wanda jikinsa ya saba da roci ko diyazafam ko giya in aka yanke masa lokaci ɗaya yana iya kama jijjiga, in sun sani tun farko sai su shirya mata. Haka in sun ce a yi gwajin jini kar a fara ƙorafin mun kawo mai ciwon kai ana cin kuɗinmu a lab, ba duk sambatu ne taɓin hankali ba, sanƙarau na sa shi, zazzaɓin da ya hau kai na sa shi, siga in ta faɗi ma haka, kuma waɗannan maganinsu daban ne.

Kayan da za a kai masa kuma a sauƙaƙa. Kaya marasa zariya mai tsawo, kwano da kofi na roba, silifas, sabulu. Banda reza, wuƙa, madubi, kwalba, bel, wayar caja, ashana. In nas ta zazzage jaka tana dubawa kar ranka ya ɓaci, ba shi kaɗai bane a ɗakin. Abu ɗaya da zan ce kar ka shiga asibitin nan babu shi shine ƙaramin littafi da biro. Duk abin da likita ya faɗa rubuta, sunan magani rubuta, ranar da aka canja shi rubuta, daren da bai yi barci ba rubuta. Mai jinya na canjawa, yau Inna gobe Anti jibi ƙaninsa, littafin shine ba ya canjawa.

Ka tambayi nas ranar da babban likita ke zagaye da lokacin, ranar nan ko me kake yi ka ajiye ka zo. A nan ake yanke komai, ƙara magani, rage shi, maganar sallama. Kuma ka yi tambaya, haƙƙinka ne kuma haƙƙin mara lafiyan ne. Tun watan Janairun 2023 da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 da ke kallon mai taɓin hankali a matsayin wanda za a tsare kawai, doka ta san shi a matsayin mutum mai haƙƙi, a kula da shi da mutunci, a yi masa bayanin ciwonsa da maganinsa, a rufa masa asiri. Cikin ladabi zaka ce, likita dan Allah menene sunan ciwon nan, wannan ƙwayar ta mece ce, me zamu sa ido a kai. Ba rashin kunya bane.

Toh sai dubiya, wadda a nan muke yawan ɓata abu da kyakkyawar niyya. Mu al'adarmu in an ce wane na asibiti sai unguwa ta taso, mota biyu, kowa da kular abinci. A wannan ciwon taro ba ya taimako, hayaniya ƙara rikita shi take, wasu kuma kallo ya kawo su. A zaɓi mutum biyu ko uku da yake jin daɗinsu su riƙa zuwa a kai a kai. A yi masa hira irin ta kullum, labarin gona, labarin ƙwallo, wance ta haihu. In ya ce yana jin murya na zaginsa ko ya ce maƙwabci ne ya sa masa na'ura a ɗaki, kar ka tsaya musu da shi don ba zaka ci ba, shi a wajensa gaskiya ce tsagwaronta, kuma kar ka ce eh haka ne don a zauna lafiya. Ka ce, Yaya ni dai ban ji muryar ba, amma na ga ta hana ka sakat, bari mu gaya wa likita. Shikenan. Kuma duk wanda ya ɗaga waya zai ɗauki hoto ko bidiyo a karɓe wayar, mutumin nan zai warke ya dawo cikin jama'a, ya nemi aiki ya nemi aure, abin da aka ɗora a sitatus kuwa ba ya gogewa a ran mutane.

Maganar addu'a ba wanda ya hana. A yi masa, a karanta masa, in yana iya sallah a tuna masa. Abin da ban yarda da shi ba shine a shigo da jiƙo a gora a ɓoye a ɗura masa, ba wanda ya san me ke ciki, ya haɗu da ƙwayoyin asibiti a ciki ɗaya, in abu ya faru likita na ta lalube a duhu. Duka kuma da mari ba magani bane ko da sunan wa aka yi shi. Ba mu manta 2019 ba da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa suka fito da mutane sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Yanzu bari in daɗe a kan magani, don shi ne ke raba 'yan uwa da asibiti. Tsofaffin magunguna irin Haldol da Largactil suna aiki kuma da araha, amma suna iya sa jiki ya sandare, hannu na rawa, yawu na dalala, tafiya a hankali fuska a daskare. Wani ma kwana kaɗan da farawa sai wuya ya murɗe gefe, ido ya kafe sama, harshe ya yi nauyi ko ya fito. Ranar da uwa ta fara ganin wannan sai ta ce shikenan aljanun sun taso ko asibiti sun ƙarasa min ɗa. Maganin ne ya jawo, kuma akwai abin da ake bayarwa ya sake shi cikin ɗan lokaci, kira nas kawai. Artane da kake gani ana haɗawa da su don wannan ne, sai dai a kula da shi sosai a gida, shine dai Exol ɗin da yara ke sha don maye. Wani kuma maganin zai hana shi zama wuri ɗaya, ya zauna ya miƙe ya yi ta safa da marwa, sai a zata ciwon ne ya ƙaru alhali ƙwayar ce, a faɗa wa likita ya gyara. Largactil na sa jiri in an miƙe da sauri kuma fata ba ta son rana da shi. Olanzafin na buɗe ciki sosai da sa barci, mutum ya yi ta ƙiba, don haka a riƙa auna nauyi da siga, a rage masa lemon kwalba da kayan zaƙi. Mai shan Tegretol in ƙuraje suka feso masa, musamman har da baki ko ido, asibiti a ranar. Mai shan litiyam sai da gwajin jini lokaci-lokaci, kuma amai da gudawa ko rashin shan ruwa a zafin bazara na iya sa maganin ya taru ya zama guba. Wanda kuma ba a jira da shi ko na awa ɗaya shine zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da ruɗewa da gumi, wannan gaggawa ce. Maganin ciwon damuwa kuma ba ya nuna aikinsa a kwana uku, yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu ko fiye, kar a ce bai karɓe shi ba tun ba a je ko'ina ba.

In likitoci sun kawo maganar jona masa lantarki a kai, kar a firgita a tattara kaya. Ana yinsa ne bayan an sa mutum barci, kuma yana ceton wanda damuwa ta kai shi ga daina ci da sha ko wanda ya sandare ba magana. Zai iya ɗan mance wasu abubuwa na kusa da lokacin. A nemi cikakken bayani kafin a sa hannu.

Bayan sati ɗaya ko biyu zaka zo ka tarar ya yi wanka, ya gane kowa, ya riƙe maka hannu yana cewa dan girman Allah ka fitar da ni na warke. Nan ne zuciya ke karyewa, ga kuɗi na tafiya ga zirga-zirga daga Kwangila zuwa Shika kullum. Amma natsuwar farko ba warkewa bace, hayaniyar ce ta kwanta, tunanin da ya kawo shi yana nan a ƙasa, likitoci kuma ba su gama daidaita adadin maganin ba. Wanda ya sa hannu ya fita da mara lafiya ba da yardar likita ba sau da yawa shi ke dawowa da shi, a sake biyan komai daga farko. In kuɗi ne matsalar a faɗa ƙarara. A nemi ofishin walwala na asibitin, a ce wa likita ƙarfinmu bai kai wannan maganin ba ko akwai mai sauƙi, masu inshorar lafiya ta tarayya (NHIA) ko ta jihar Kaduna (KADCHMA) su tambaya me ta ɗauke musu. Gara maganin da za a iya saya duk wata da mai tsadan da za a saya sau ɗaya a bari. A kuma tambaya ko za a ba shi hutun gwaji ya je gida kwana biyu ya dawo, wasu asibitocin na yi, yana nuna wa kowa inda gyara yake.

Da an fara ƙishin-ƙishin sallama sai a zauna a gida, zama na gaske. Wa zai riƙe magani, mutum ɗaya tak, wanda mara lafiyan ke jin maganarsa. Wa zai riƙa raka shi asibiti. Wa da wa zasu haɗa kuɗin wata. A wane ɗaki zai kwana, da wa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in aka bar wa uwa ko mata komai ita ma wata uku zata kwanta.

Sannan a share gidan. Fiya-fiya, shinkafar ɓera, maganin feshi na gona da muke ajiyewa a zaure ko ƙarƙashin gado, ragowar ƙwayoyin mutanen gida, igiya, wuƙaƙe, duk a kulle, rijiya a yi mata murfi. Wannan ba zargi bane. Satittikan farko bayan sallama har zuwa wajen wata uku su ne lokacin da haɗarin mutum ya hallaka kansa ya fi yawa, don a lokacin ne hankali ya dawo ya fara lissafin abin da ya faru, aikin da ya rasa, abin da ya faɗa a gaban mutane, yadda ake kallonsa a layi. Maganinsa ma kar a damƙa masa na wata guda a hannu, musamman amitiriftilin da litiyam waɗanda yawansu kisa ne. In ka ji yana cewa gara ba ni, ko na zame muku kaya, ko ya fara rabon kayansa yana neman yafiya ba dalili, zauna ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji an tambaya. In ya ce eh kar a bar shi shi kaɗai, kar a tsaya yi masa wa'azin wuta, a koma asibiti a ranar.

Ranar sallama mai riƙe maganin shi zai je da kansa da littafinsa. Kar ya baro wajen sai ya san sunan kowace ƙwaya da adadinta da lokacinta, a sa nas ta nuna masa ɗaya bayan ɗaya, Sista wannan ta safe ce ko ta dare. Ya san ranar dawowa kilinik, in da hali kar ta wuce sati biyu. In ana masa allurar wata-wata irin su Modecate a rubuta ranar da aka yi ta ƙarshe da ranar ta gaba da inda za a yi. A tambayi inda za a nufa in abu ya taso da dare. A adana kati. A sayi maganin da zai kai har ranar dawowa da ɗan ƙari, a famasin asibiti ko kemis mai rajista, banda na masu yawo da shi a faranti cikin rana. In ma'aikaci ne ko ɗalibin ABU ko Nuhu Bamalli a karɓi takardar likita tun a ranar, kar sai jarabawa ta wuce a fara yawon nema.

A gida kuma kar a tara masa jama'ar sannu da zuwa, kuma kar a kulle shi a ɗaki ana ɓoye shi in an yi baƙi. Tsaka-tsaki. Barci a kan lokaci shine babba, shayi mai kauri da goro da danna waya har ƙarfe biyun dare duk a rage. A ba shi ɗan aiki daidai ƙarfinsa, ya je masallaci, ya sayo cefane, ya zauna shago awa biyu, in mace ce ta ɗora tukunya ana kusa da ita. Zai yi nawa, zai yi yawan barci, wani lokacin ya zauna shiru ba ya son komai, wannan ba lalaci bane, ciwon ne da maganin. Gori da yawan faɗa da tuna masa kuɗin da aka kashe suna daga abin da likitoci suka daɗe da gano yana dawo da ciwon. Yara a ja musu kunne, kalmar mahaukaci kar ta fito a gidan ko da wasa. In shaye-shaye ne ya kai shi, toh majalisar da ya baro tana nan tana jiransa, sai an sama masa wani wajen zama da wani abin yi, kuma kar a riƙa sakar masa kuɗi da yawa a aljihu.

Zai ce ya warke me zai yi da magani, 'yan uwa ma zasu taya shi, wai kar ya saba. Kamar hawan jini ne, lafiyar da kake gani maganin ne ke riƙe da ita. Wanda wannan ne karonsa na farko likitoci kan ce ya ci gaba shekara ɗaya zuwa biyu, wanda ya sha maimaitawa kuma ya fi haka, kuma ko za a daina a hankali ake ragewa a hannun likita. In ya ƙi sha a fara tambayarsa dalili, sau tari akwai abin da maganin ke masa da yake jin nauyin faɗa, kasala, ƙiba, ko raunin kusantar iyali, kuma duk ana iya canjawa. Zuba masa a kunu a ɓoye ranar da ya gane ya daina yarda da abincin gidan kenan, gara a yi wa likita maganar allurar wata. Aure ma ba magani bane, a bari ya daidaita, kuma a gaya wa wancan ɓangaren gaskiya.

Mata akwai ƙarin magana. Wadda ke shan Epilim kar ta ɗauki ciki sai an zauna da likita don yana illa ga jariri, litiyam da Tegretol ma sai an yi shawara, kuma in cikin ya riga ya shiga kar ta yanke magani da kanta, ta je a duba. Wadda ciwon ya kama bayan haihuwa yana iya dawowa a haihuwa ta gaba, don haka tun awo a faɗa. In ta dawo gida kar a raba ta da jaririnta kwata-kwata, a bar ta da shi amma da babba a kusa, a karɓar mata renon dare ta samu barci, a tambayi likita maganar shayarwa. Kai kuma maigida, wannan ba lokacin cewa ta je gida sai ta warke bane, tana lura da wanda ya tsaya.

Da azumi ya matso a je kilinik tun cikin Sha'aban, likita ya duba ko za a iya mayar da maganin sahur da shan ruwa. In ya ce kar a yi, musamman mai litiyam, mara lafiya na da rangwame a addini.

Kowane mara lafiya yana da alamarsa ta cewa ciwon na dawowa, kuma kusan kullum irin ta farkon ce. Wani barci ne ke fara ɗaukewa, wani yawan magana da kyauta ba lissafi, wani daina wanka da rufe ƙofa, wani ya fara cewa abincin na wari. Ku zauna da shi yanzu da yake cikin natsuwa ku rubuta nasa a littafin, ku yi alkawari da shi cewa in an ga biyu daga ciki za a tafi asibiti ba sai ranar kilinik ta zo ba. Dare biyu ko uku ba barci ya isa dalili. In kuma ranar kilinik ta wuce ba a je ba saboda rashin kuɗin mota ko wani uzuri, kar kunya ta sa a zauna, a ɗauki kati a je ranar kilinik ta gaba, a gaya wa likita kwana nawa ya yi ba magani don ya san daga inda zai ɗora.